Munduwar Otal

Shekara tara Yuderka ta yi a New York tana yi wa iyayen wasu wanka, kuma duk tsawon lokacin nan burinta ɗaya ne: ta ga tata uwar, Doña Fefa, kwance a farar kujerar bakin teku ana kawo mata abin sha, ko da sau ɗaya ne. Ba kowane bakin teku ba, wannan dai na garinsu a Samaná, inda tsohuwar ta shekara talatin tana yawo da tiren alawar kwakwa a ka, har ranar da otal ya ja igiya a kan rairayi ya ce daga nan zuwa can na baƙinsa ne.

To, ta dawo ta kama musu ɗaki na kwana biyar a wannan otal ɗin. A wurin karɓar baƙi aka ɗaura wa kowacce munduwar roba, shuɗiya. Aka ce da ita ake ci, da ita ake sha, da ita ake tsallake igiya, kuma ba a cire ta sai dai a yanke ranar tafiya.

Ranar farko Doña Fefa ta zauna a bakin kujerar a ɗarare kamar mai jiran likita. Kwanciya dai ta ƙi. Yarinyar da ta kawo musu soyayyen kifi ashe 'yar maƙwabciyarsu ce, sai ga tsohuwa ta miƙe tsaye ta karɓi farantin da hannu biyu, har tana neman taya ta kwashe kwanuka. Yuderka ta ji kamar ta yi kuka don haushi. Ta ce ta zauna mana, an biya kuɗin komai. Uwar ta zauna, amma kifin nan ko rabi ba ta ci ba, idonta na can bayan igiya wajen masu kitso da masu talla.

Washegari Yuderka ta farka babu kowa a ɗaya gadon. A banɗaki ta ga munduwar a yanke, an ajiye ta tsaf kusa da sabulu. Ta fita da sauri neman uwar a bakin teku.

Tun daga nesa ta hango ta a bayan igiya, riƙe da takalminta a hannu. Mai gadi ya tare hanya, wani Wáscar da Yuderka ta sani tun yana yawo ba wando, ɓaraguzan alawar da ya ci a tiren nan kuwa sai Allah. Yanzu ga shi da hula da usur, yana ta kallon ƙasa. Ya ce wallahi ya san Doña Fefa, amma shugabansu na kallo daga bene, kuma duk wanda ya bar hannu ba munduwa ya wuce, a ranar zai bar aiki.

Yuderka ta zazzage masa ta tas. Turawan da ke shafa mai a kujeru suka ɗago suna kallo, ta kuwa ƙara ɗaga murya. Daga nan ta ce wa uwar ta jira ta minti biyar, yanzu za ta karɓo sabuwa.

"Bar shi," in ji Doña Fefa. "Ba ɓacewa ta yi ba, ni na yanke."

Ta ce ta fito ne ta gaida Chela da sauran abokan tallarta, kuma ba za ta iya miƙa musu hannu da wannan abin a ɗaure ba. Wata cikinsu ko karyawa ba ta yi ba.

"Mama, saboda ke fa na yi. Shekara tara."

"Na sani, 'yar nan. Na gode. Amma abincin can ba ya wuce mini. Ki koma ki ci rabona, da yamma ki zo gida in dafa miki na gaske."

Ta juya ta zauna a kan akwatin lemo da Chela ta turo mata. Nan da nan fuskarta ta sake, har da dariya, abin da Yuderka ba ta gani ba tun jiya. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Tana nan tsaye a nata ɓangaren, ta rasa gaba za ta yi ko baya, sai wata matashiyar mai kitso da ba ta san ta ba ta matso jikin igiya. Ta dubi rigar Yuderka, ta dubi munduwar hannunta, ta yi mata murmushin da ake yi wa baƙi. Da guntun Turancinta ta yi mata maraba da zuwa ƙasarsu, ta tambaye ta ko wannan ne zuwanta na farko.