Ƙwaƙwalwar da Ta Ƙi Shiga

"Ta ƙi shiga," in ji Malam Labaran. Ya sake tura 'yar baƙar akwatin a bayan kwamfutar, ta cije. "Jibrin, wannan ce na aike ka?"

Jibrin direba, ƙanen matarsa, yana tsaye bakin ƙofa da makullin mota a hannu. "Yaya, takardar da ka rubuta na miƙa wa mai shago a Kano. Abin da ya ba ni ke nan."

"Ko kuma abin da ka zaɓa ba."

Ni ina kan tabarma ina kallo. Katanga ɗaya ta raba mu da Malam Labaran a Bebeji, kuma tun ranar da ya sayi wannan na'ura a hannun wani Bature da zai bar Bagauda na tare a ɗakinsa. Aji huɗu na tsaya, amma ina son abin mamaki. Kamar allo take, mai maɓallai, a jona ta da talabijin, rubutu ya fito.

Sunaye yake zubawa a cikinta, yana adana su a kaset da wani sauti da ita kaɗai take ganewa. Ruwan dam ya ci ƙauyensu, mutane suka watse, wasu Kiru, wasu Tudun Wada, wasu har Doguwa. Shi kaɗai ya rage da ya san kowane gida da wanda ya haifi wane. A gida na ɗari da tara na'urar ta ce ta cika. Saura gida sittin, ga tari ya kama shi tun damina. Wannan akwatin ita ce ƙarin ƙwaƙwalwar da zai ƙarasa da ita.

"Ta wata irin kwamfuta ce," in ji Malam Labaran. "Ko ya sayar da tawa a hanya, wa ya sani?"

Matarsa Kande ta leƙo daga tsakar gida. "Malam, ƙanena ba ɓarawo ba ne. Wannan na'urar dai ake tuhuma. Tun da ya shigo gidan nan kake ramewa."

Da ya kishingiɗa bayan azahar na ɗauki akwatin na duba bakinta. Haƙora ne jere, masu ruwan zinariya, sai wani ɗan tudu a tsakiya da yake tokarewa. Na sa ta a aljihu na nufi maƙera.

Ubale maƙeri ya juya ta, ya yi dariya. "Wannan ai kamar ƙota ce da ruwan fartanya. In ta ƙi, a rage mata." Sau uku ya ja magagari, tudun ya tafi.

Na mayar da ita inda take. Da la'asar Malam Labaran ya sake gwadawa, ta shige sumul. Ya ɗaga kai ya dube ni, sannan ya kunna. Talabijin ya yi fari fat, wani ƙauri ya tashi kamar an ƙona roba. Shi ke nan.

Kwana huɗu bai yi wa Jibrin magana ba. Jibrin ya daina shigowa, sai ya ajiye lemo a zaure ya juya. Ni kuwa kullum ina zaune gefen gadon, bakina a rufe.

Ran na biyar ya ce, "Balarabe, na ga sawun magagari."

Na sunkuyar da kai.

"Tun kafin in kunna na gani. Na ce ko Allah zai sa a dace." Ya yi tari mai tsawo. "Kira mini yaron nan. Kuma ɗauko biro."

Jibrin ya zo ya durƙusa, suka yafi juna. Malam ya fara faɗa, ina rubutawa da hannuna mai nauyi, yana jira in gama harafi. Mun kai gida goma sha ɗaya. Ranar Talata da hantsi ya cika.

Bayan sadakar bakwai Kande ta aiko a kira ni. Tana zaune a rumfa cikin mayafin takaba, rediyo a gabanta, da wani kaset a hannu.

"Ya ce gidajen farko da ya sa a na'urar duk suna cikin nan. Gidanmu ne na arba'in."

Na sa mata. Wata tsuwwa ce ta fito, siririya, tana hawa tana sauka kamar kukan gyare. Na kai hannu zan kashe.

"Bari," ta ce. "Ba a zo kanmu ba tukuna."

Ta matso da kunnenta kusa da rediyon. Kaji suna tsattsagar dawa a bakin rumbu, kaset yana juyawa.