Labulen Baba Henryk

"Rufe labulen nan!" Abin da Baba Henryk ya fara faɗa ke nan da aka turo shi cikin falonsa a keken asibiti.

Abiba ta yi sauri ta rufe. Wata huɗun da ya yi a asibiti, makullin maƙwabcin nata yana hannunta, kuma kullum kafin ta tafi aiki sai ta leƙa ta yaye labulen. A Kumasi inda ta taso, ɗakin da ba ya shan rana ɗakin ciwo ne. Shi kuwa tsohon nan mutumin Poland ya shekara talatin a nan unguwar Erdington cikin duhu kamar jemage, yana tara tsofaffin zanen Japan na takarda. Duk suna kwance a akwati, sai guda ɗaya a bango: wata mata riƙe da laima, cikin riga ruwan hoda. Ita ce 'yar gaban goshinsa, ita kuma masu shirya fim daga Manchester za su zo ɗauka ranar Alhamis, shi yana zaune a gefe yana ba da tarihinta. Don wannan ya nace a sallame shi ya mutu a gida.

Sai yanzu Abiba ta dubi zanen da kyau. Rigar ta koɗe, ta koma kalar koko.

"Idona ya tafi, Abiba," ya ce. "Rigarta tana nan yadda na bar ta?"

Likita ya ce kwanaki kaɗan suka rage masa, ƙarya ɗaya za ta ishe shi har kabari. Amma bakinta ya ƙi.

"Baba, na ɓata ta. Ni nake buɗe mata rana."

Bai yi faɗa ba, ita kuwa da ma zaginta ya yi ta huta. Sai ya sa ta kira Manchester ta ce kada su wahalar da kansu. Tana ajiye wayar ya ce, "To, tunda ta riga ta sha rana, buɗe. Ni ma in ɗana."

Ta buɗe. Ya juya fuskarsa wajen ɗumin, idonsa a rufe.

Ranar Laraba da hantsi ya cika, a kan keken nan.

Ranar Alhamis Abiba ta shigo da makullinta kamar kullum. Matar tana nan riƙe da laimarta, rana ta fara hawa bango. Abiba ta kama bakin labulen, ta tsaya da shi a hannu.