Mai Riƙon Igiya

A fuskar talabijin ɗin wani mutum sanye da kayan roba yana nutsewa cikin teku, igiya ɗaure a ƙugunsa, kumfa na tashi daga bakinsa kamar carbi ya tsinke. Ɗalhatu ya tsaya cak a ƙofar ɗakin hutawa na masaukinsu da ke Umm Salal, can ƙasar Larabawa, farantin shinkafa a hannu. Juma'a ce, an sauko daga masallaci, ranar hutun masu gadi irinsa.

Rafiu direba ya ɗauki rimot zai mayar da tashar ƙwallo, yana mita wai wa zai ɓata hutunsa a kan fim marar launi da ya girmi kakarsa. Ɗalhatu ya riƙe masa hannu.

"Don Allah ɗan'uwa, bar min wannan."

Ya san fim ɗin ciki da waje, alhali bai taɓa ganinsa ba. Mahaifinsa, Malam Gafaru mai yasar rijiya, shi ya kalle shi yana saurayi a wata sinima marar rufi a Gusau. Labarin sojojin ruwa ne da ke nutso su dasa bam a ƙarƙashin jiragen abokan gaba, ɗaya a cikin ruwa, ɗaya a kwalekwale riƙe da igiya. Daidai lokacin da na cikin ruwan ya maƙale aka kece da ruwan sama a sinimar, kowa ya yi ta kansa. Tun daga ranar tambaya ɗaya ke cin tsohon: na saman ya saki, ko bai saki ba?

Ba tambayar banza ba ce a bakinsa. A sana'arsu, mai riƙon igiya ba ya zama, ba ya hira, ba ya waiwaye. Da an girgiza daga ƙasa sai ya ja. Ɗalhatu ne ke riƙe masa, har ranar da bizarsa ta fito.

Ya kalli sauran fim ɗin a tsaye, shinkafar ta huce. Jirgin abokan gaba ya doso. Igiya ta yi ta girgiza. Sojan kwalekwalen ya dubi ruwa, ya dubi jirgin, sannan ya buɗe hannunsa a hankali, ya tuƙa kwalekwalen ya tafi. Aka ba shi lambar yabo.

"Khalas? Ya ƙare?" in ji Rafiu. "Abin da ka hana mu ƙwallo a kai ke nan?"

Ɗalhatu ya fita tsakar gida, inda zafi ke tashi daga siminti, ya kira ƙanwarsa Ikilima. Ta ce jikin Baba sai a hankali, ya daina cin tuwo, kullum sai ya tambaya ko Yaya ya sa ranar zuwa. Hutunsa ya daɗe da isa. Shi ne dai yake ta ɗagawa. Ta kara wa tsohon wayar a kunne.

"Baba, na ga fim ɗinka. Na masu nutso."

Numfashin da ke can ya tsaya, sannan muryar ta fito siririya. "Ya saki?"

Ɗalhatu ya dubi tafin hannunsa. Kantar igiya ta daɗe da gogewa.

"Bai saki ba, Baba. Ya jawo shi."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Da ya jawo shi, da ba ka yi shiru kafin ka faɗa ba." Ya huta. "Ba komai, Ɗalhatu. Ni ma na yi ta tunani. Yaro ne, ga jirgi na zuwa. Allah ya yi maka albarka."

Ikilima ta karɓi wayar, ta yi ƙasa da murya, ta ce to me za ta ce masa in ya sake tambayar ranar zuwan.

A ɗakin hutawa an mayar da ƙwallo, wani ya ci, ana ta ihu. Ɗalhatu ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Yaya?" in ji ta. "Kana ji na?"