Ruwa a Gaban Suruka

Muhyiddeen ya mayar da gorar ruwan cikin jakar bayansa ba tare da ya buɗe ta ba. Daidai lokacin da ya kai hannu ga murfin ne Hajiya Suwaiba, surukarsa, ta waiwayo tana gyara mayafi, to ina zai iya? Tun da ya auri Khairunnisa bai taɓa kai loma bakinsa a gaban mahaifiyarta ba, balle ya ɗaga kai yana kwankwaɗar ruwa, maƙogwaro na hawa da sauka. Haka aka rene shi a Gwammaja, kuma shekarun da ya yi yana aikin kago, wato jigilar kaya, a wani ofis kusa da kasuwar Murshid Bazaar a nan ƙasar Larabawa ba su kankare masa wannan ba.

Suna tafe ne a kan doguwar gadar katako da aka shimfiɗa tsakanin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, a wani gandun shaƙatawa da ke gaɓar tekun gabas. Najiba, 'yarsu ɗaya tilo, tana gaba tana tsalle, tana leƙa ƙaguwoyin da ke gudu a taɓo da gefe da gefe. Ita ce dalilin wannan tafiya, ko da yake ba wanda ya faɗa.

Tun makon da Hajiya ta sauka a ɗan gidansu na Al Qusais ta fara maganar. Ba da shi take yi ba, da 'yarta take yi, amma da muryar da za ta ratsa ƙofar ɗaki. Wai yarinya na tashi kamar kaza a akurki, daga lif sai mota, daga mota sai kanti mai sanyi. Ba ta san ƙasa ba, ba ta taɓa bin ɗan akuya ba, Hausarta ma rabi Turanci ce. Za ta tafi da ita Kano ta riƙe ta, ai dama 'yar fari ta kaka ce. Har akwati ta sayo mata a Deira, mai ruwan hoda, ta jingine shi a bayan kujera.

Khairunnisa ta yi kukanta a banɗaki, famfo a buɗe don kada a ji. Ta roƙe shi ya yi magana. Ya tambaye ta da wane baki, a kan 'yar fari, wadda ko sunanta ba ya kira in da manya a wurin? Sai wani abokin aikinsa ya ba shi labarin wannan gandu, ya ce akwai hanyoyin da aka yi wa koren fenti don masu iyali, har da keken jarirai ake bi. Muhyiddeen ya ƙudurta zai kai Hajiya ta gani da idonta cewa a nan ma akwai iska da ƙasa da tsuntsaye, ba sai ya furta komai ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne cikinsa. Hajiya a falo take kwana, ƙofar kicin kuma a falon take, don haka ya fito ko shayi bai sha ba. Da asuba ya so su tashi, amma Hajiya ta ce ba za ta je yawon buɗe ido da kayan zaman gida ba, sai da aka goge mata leshi, ta sa warwaron da ta saya a kasuwar zinare. A mota suka ci wainar da Khairunnisa ta soya, shi kuwa ya kafe ido a kan titi yana cewa ya ƙoshi. Ko da suka iso rana ta take.

Khairunnisa ta rage tafiya har suka jera. Ta dube shi da irin kallon da ya sa shi barin karatun jarrabawa a Bayero shekarun baya.

"Habibi, leɓenka ya bushe. Ka sha ruwa don Allah."

"Na sha a mota."

"A wace motar? Ina bayanka zaune." Ta sassauta murya. "Ka tsaya a nan, ni zan ɗauke mata hankali."

Ya kusa yarda. Sai Hajiya ta tsaya cak tana nuna wani farin tsuntsu mai dogon wuya, tana cewa a tambayi baban yarinyar nan ko wannan balbela ce ko 'yar uwarta. Dole ya matsa, ya russuna kaɗan, ya amsa yana kallon katako.

Inda gadar ta ƙare hanyar ta hau wani ɗan tudu mai duwatsu, wanda aka ce daga samansa ana hango teku har inda ido ya gaji. Ba wani hawa ba ne. Wani tsoho Ba'indiye na saukowa da sandarsa yana hira a waya, yaran Larabawa na tsere. Hajiya ta cire takalmanta masu ƙyalli ta miƙa wa 'yarta, ta karɓi silifas, ta tattare leshi, ta kama hawa kamar za ta gonar mahaifinta a Bichi. Tana tafe tana tsokanar jikarta, tana kiranta Balarabiyar gwangwani wadda ƙafarta ba ta san ƙaya ba.

Najiba ta gaji. Ta dawo ta riƙe wandonsa, ta ɗago hannaye biyu.

"Abba, ɗauke ni."

Kullum in ya dawo aiki a wuyansa take hawa daga tashar jirgin ƙasa har gida. Yanzu kuwa Hajiya na kallo. Ya janye jikinsa a hankali, ya yi kamar igiyar jaka yake gyarawa, ya ce ta je wurin kakarta. Yarinyar ta tsaya tana dubansa kamar an musanya mata uba. Ya ji Hajiya na faɗa wa Khairunnisa cewa ai ga shi nan, shi ma uban mai kawaici ne, ba zai damu ba, yaro ɗan mutunci.

Duk shirinsa ya juye ya zama hujja a kansa. Ya ci gaba da hawa, jakar da ke cike da ruwan mutum huɗu na danna kafaɗunsa, harshensa kamar tsumma a baki. Gumin da ke zuba ɗazu ya tsaya. Ya hangi Najiba ta yi fushi ta ruga gaba, jar rigarta ta sha kwanar wani dutse ta ɓace. Ya so ya kira ta, ya tuna ba ya kiran sunan. Daga nan duwatsun suka fara juyawa a hankali, hasken ya yi fari fat.

Abin da ya fara ji shi ne muryarsa, tana fita da ƙarfin da bai san yana da shi ba.

"Najiba! Ina Najiba? Kada a tafi da ita. Don Allah kada a tafi min da ita."

Aka turo masa ita. Ya ƙanƙame ta yana shinshinar kanta, hawaye na gangarowa cikin kunnuwansa, yana ta maimaita sunanta kamar wanda aka hana shi shekaru aka sake masa yau. Wani abu mai sanyi na kan goshinsa. Bakin gora ya taɓa leɓensa, ya sha, ya sha, ruwan na zuba a gemunsa, maƙogwaro na ƙara.

Sai da idonsa ya washe ya ga hannun da ke riƙe da gorar. Warwaron zinare ne a jiki. Abin da ke goshinsa kuwa mayafin Hajiya ne, jiƙe sharkaf, ɗaya hannunta na tallafe da ƙeyarsa.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata. Mutane sun yi da'ira. Wata yarinya mai tsotsar alawa na kallonsa, tsohon nan mai sanda ya dawo yana yi masa fifita da hula. Wani ma'aikacin gandun ya durƙusa yana cewa shwayya shwayya habibi, wato a hankali, yana tambaya da Turanci ko ba su zo da ruwa ba ne. Khairunnisa ta buɗe jakar ta nuna masa gorori a jere. Mutumin ya dubi gororin, ya dubi Muhyiddeen.

Muhyiddeen ya yunƙura zai tashi, ya saki Najiba kamar ta ƙona shi. Hajiya ta danna kafaɗarsa.

"Kwanta. Ka shanye."

Wannan ce magana ta farko da ta taɓa yi masa kai tsaye ba ta bakin 'yarta ba, in ban da gaisuwa.

Ba su kai saman tudun ba. Ma'aikacin ya rako su zuwa wata rumfa a bakin ruwa, inda ake jin iskar teku. Muhyiddeen ya zauna a can ƙarshen benci, kansa a ƙasa, yana kallon tururuwa. Yana jin kalmominsa na dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi kuka a gaban suruka, ya sha ruwa a hannunta, ya kira sunan 'yar fari har Larabawa suka ji, a kan hanyar da ake tura keken jarirai. Ya san kafin Sallah labarin zai zaga gidajen suna daga Gwammaja har Bichi.

Khairunnisa ta buɗe kular waina, idonta jajur, amma gefen bakinta na rawa, tana danne dariya. Ya harare ta ta ƙasan ido, ta kau da kai.

Hajiya ta matse mayafinta ta shanya a jikin rumfar. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke shigowa tsakanin saiwoyin itatuwan. Sannan ta tambayi 'yarta, kamar hirar kasuwa, ko wannan akwatin mai ruwan hoda zai ci abayoyi goma, don tsarabar mutanen gida ta yi yawa, nata akwatin ba zai rufu ba.

Khairunnisa ta ce zai ci.

"To a zuba su a ciki. Wannan Balarabiyar gwangwanin ma ba za ta iya zafin Kano ba, gadon wani ta yi." Ta gyara zama, ta juya musu baya gaba ɗaya, fuskarta ga teku. "Ki faɗa wa baban yarinyar nan na juya. Ya ci abinci, shi zai tuƙa mu."

Najiba ta hau cinyarsa ba tare da ta nemi izini ba, ta ɗauki waina ta kai masa baki. Ya dubi bayan Hajiya, leshin ya yi ƙura, ɗankwalin ya karkace. Ya buɗe baki ya karɓa, yana taunawa a hankali don kada a ji.