Hannun da Ke Wanke Faranti

Shekarata goma sha tara ina wanke faranti a ɗakin binciken ƙwayoyin cuta a Iskandariya. Farantin namu mai rami casa'in da shida ne. A zuba ƙwayoyin da aka ɗebo daga fatar mutum, su kwana su shimfiɗa yauƙinsu a gindin rami, yauƙin da ke hana magani kai musu. Sai in ɗauraye ramukan da ɗan bututu, a ɗiga shuni. Inda yauƙi ya kama, shuni ya zauna.

Sawsan, ɗalibar digiri na uku, ta shekara biyu a kan wani sinadari, enzayim, da ta tace daga ƙwayar fata marar cutarwa. Ta ce yana narkar da yauƙin mai cutarwar. Farantanta ma haka suka ce: layukan dama, inda take zuba shi, kullum fari tas. Saura mako biyar ta kare aikinta gaban malamai.

Wata Talata ta zo a makare, da ledar abincinta na kushari a hannu, ta ajiye farantin a juye, gefen dama a hagu, ba ta lura ba. Enzayim ya koma hagu. Ni kuwa ba na karanta rubutun kan faranti, abin da aka miƙo min shi nake wankewa.

Da aka ɗiga shuni, dama ce dai ta yi fari.

"Kawu Mitwalli, zo ka wanke min wani ina kallo," in ji ta.

"Yau kuma ni za a koya wa wanki, Dakta? Ina wannan aikin tun kina firamare."

"Wanke dai, Kawu."

Na fara daga hagu yadda na saba, a hankali, ruwa na bin bangon rami. Ta tsaya a kaina tana kallo. Wajen layi na tara ta kama min hannu.

"Ka ga babban yatsanka? Ya gaji. Tun daga nan feso ruwan kake yi da ƙarfi, shi ke wanke yauƙin."

Na duba. Gaskiyarta ce. Ban taɓa sani ba.

Mun sake gwajin sau shida, ana sauya wa enzayim wuri, ita ke wankewa. Bai narkar da komai ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage ni ba, da ma ta zage nin da na fi samun sauƙi. Ta ɗauko littafin aikinta ta ja layi a kan shafi bayan shafi, tana rubuta kwanan wata tana sa hannu a gefen kowanne, kamar yadda doka ta ce.

Da ta gama ta rufe alƙalami.

"Kawu, ɗalibai nawa ka wanke wa faranti kafin ni?"

"Goma sha ɗaya."

"Su ma a dama suke zuba magani?"

Kowa a dama yake zubawa a ɗakin nan. Huɗu daga cikinsu yanzu farfesoshi ne.