Baba a Miƙe

Ranar da aka yi wa kwandasta aikin maƙogwaro, aka cire ciwon dajin tare da muryarsa, 'yarsa ko zama ba ta fara ba. Mutumin da kiransa ke cika mota daga bakin tasha ya dawo gida da ɗan inji kamar tocila. In ya danna shi a wuya magana ta fito, amma a miƙe, babu hawa babu sauka, kamar ƙarar injin aski.

Yarinyar ta daina waiwayo in ya yi magana. A da kuwa, tun tana ciki take motsi in ya yi wa uwarta waƙar wasa.

"Kunnenta lafiya lau," in ji likitar yara. "Jariri ba kalma yake fara kamawa ba, hawa da saukar murya ƙwaƙwalwarsa ke bi. Yanzu ne take koyonsu, daga bakin wanda ta fi ji."

Wanda ta fi ji kuwa uban ne. Uwar na fita aiki tun safe, shi ke zaune da ita a tabarma, yana danna inji yana nuna ƙirjinsa.

"Baba. Baba."

Yayarsa, wadda yaran gidan ke kira Baba, ta leƙo daga kicin.

"Kai, ni kake kira ko kanka? Nawa sunan daga sama yake farawa ya sauko, naka daga ƙasa yake hawa. Wannan naka ya tsaya a tsakiyar titi."

Ya yi dariyar da ba ta da sauti.

Wata yamma yarinyar ta rarrafo, ta dafa gwiwarsa, ta ɗora ɗan hannunta a wuyanta.

"Baba," ta ce.

A miƙe. Sak injin.

Uwar ta saki kwanon da ke hannunta, tana dariya tana hawaye. Yayarsa ta dubi ƙanenta.

Ya rungume yarinyar har ta fara mutsu-mutsu. Sannan ya miƙa ta ga yayarsa, ya nuna bakin yayar, ya nuna kunnen yarinyar.

Ya shiga ɗaki, ya zare batirin injin, ya tura shi can ƙasan durowa. Yana jiyo yayarsa daga falo tana rera wa yarinyar sunansa, Baba, daga ƙasa zuwa sama.