Hannun da Ya Rubuta wa Alys

Takardar ta haura shekara ɗari biyar a duniya, Dakta Hilkka Saarnio kuwa ta ƙura mata ido.

Shekara shida ke nan tana bin wasiƙun Alys Thurkeld, matar wani falken ulu, guda talatin da ɗaya. Ita da abokan aikinta na Helsinki suna tara tsofaffin wasiƙu ne don a ji yadda Ingilishin talaka ya bambanta da na basarake, na mace da na namiji. Dokar aikin ɗaya ce, Hilkka ce kuma ta kafa ta: abin da mutum bai rubuta da hannunsa ba, ba muryarsa ba ce. Ran Juma'a za a rufe kundin, Alys ce kuwa ginshiƙinsa, don matan da suka iya riƙe alƙalami a zamanin sai an tona.

"Dakta, kin yi tsuru kamar mai takardar ta leƙo," in ji Mista Thirkettle, tsohon da ke kula da ma'adanar tsofaffin takardun gundumar. "In kawo shayi?"

Ta sake bin takardar layi-layi. Wasiƙar daga mijin Alys take zuwa ga ƙaninsa, yana shaida masa zazzaɓi ya ɗauke Alys ran Talata. Rubutun kuwa, ai ta san shi fiye da na mahaifiyarta. Shi ne dai na wasiƙun nan talatin da ɗaya. Gawa ba ta rubuta sanarwar mutuwarta. Ashe magatakardan gidan ne ya rubuta komai.

Tsohon ya leƙa ta kafaɗarta, ya gane, ya yi gyaran murya.

"Shekara arba'in ina nan, babu wanda ya taɓa neman akwatin nan. In kin mayar da takardar ba wanda ya ji, sai bayan wata arba'in ɗin. Ni kuma na manto tabarau a mota."

"Haba, Mista Thirkettle!"

"Magana ce kawai, Dakta."

Haushi ya turnuƙe ta, ba don komai ba sai don ta riga shi tunanin. Bara da wannan dokar ta watsar da wasiƙu sittin na wani abokin aikinta, ko gezau. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ta baza hotunan wasiƙun Alys a tebur tana neman mafita. A ƙasan kowacce, gefen sunan da aka tsara da kyau, akwai ɗan gicciye karkatacce, an danna alƙalami har ya kusa huda takarda. Iyakar abin da hannun Alys ya yi ke nan.

Ta kira Helsinki.

"Ku cire Alys."

"Duka?"

"Duka."

Ta buɗe jadawalin kundin a kwamfuta, ta goge kalmomi dubu goma sha huɗu, ta sa sifili. Sannan ta daɗe tana neman inda za ta shigar da gicciye talatin da ɗaya. Ita ta tsara jadawalin, kuma ba ta bar musu gurbi ba.